Bakaniken da Ya Sa Kwaɗi Fareti

Ina aji huɗu na firamare na ƙona wa Inna farin zanen gadonta, kuma majigi ne ya ja mini. A shekarun nan, wajen 1972 zuwa 1973, motar watsa labarai ta Jihar Arewa maso Yamma takan taso daga Sakkwato ta kwana a Talata Mafara, wani lokaci ta zarce Bakura ko Maradun. Tun la'asar za a ji lasifika na zaga gari. Bayan isha'i kowa ya ɗauki tabarma ko buzu ya nufi fili, a kafa farin allo, a ta da inji, sai haske ya tsaga duhu daga bayan mota. Abin da ake nunawa ba na nishaɗi ba ne: yadda ake zuba takin zamani, yadda ake ware auduga mai kyau da maras kyau, lambar rigakafi, komawa tuƙi ta hannun dama, da sabon kuɗi, naira da kwabo, waɗanda suka zo suka kori fam da sule. Wani ma'aikaci ne ke riƙe da makirfo yana yi wa mutanen cikin hoton baki. In ya ga an fara hamma sai ya jefa ba'a, fili ya kwashe da dariya.

Ni allon bai dame ni ba. Sauran yara na gaba suna ihu, ni ina bayan mota ina leƙen injin: faifai biyu, ɗaya na warwarewa ɗaya na naɗewa, da wani ɗan ƙwai mai zafi a tsakani. Na ce a raina, ashe duk abin fitila ne da inuwa. Kafin Talata ta zagayo na tara kwalayen sukari daga shagon kawuna, na fere su da tsohuwar reza, na fitar da doki da raƙumi da ɗan doka mai doguwar hula, na soke kowanne da tsinken tsintsiya. Na zare zanen daga adakar Inna, na ɗaure shi a cikin zaure, na ajiye fitilar ƙwai a baya. Kuɗin shiga ƙwayar gyaɗa biyar. Dare biyu zaure na cika. A na uku na ga hasken bai ishe ni ba, na cire ƙwan fitilar, na ɗaga lagwani, na matso da ita. Dokina bai kai ƙarshen allo ba zanen ya yi rami kamar faifan rufe ƙwarya.

"Kai, mi kaka yi da zanena?" Abin da na ji ke nan, sai saukar tsumagiya. Baba bai sa hannu ba. Da gari ya waye ya ce tunda hannun yaron nan ba ya zama wuri ɗaya, gara a kai shi inda hannun zai ci abinci. Aka damƙa ni ga wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, ina zuwa bayan an tashi makaranta. Daga rediyo na koma rikoda, daga rikoda zuwa talabijin baƙi-da-fari, lokacin da Samanja ke tara mutane a ƙofar gidan duk wanda ya mallaki akwati, daga nan zuwa bidiyo. Sana'ar da na tsufa a cikinta ke nan, kuma ban yi da-na-sani ba.

A rumfar nan na fara jin sunan mutumin da nake son ba da labarinsa. Wata safiya cikin Fabrairun 2004, ina gwada wata rediyo da na gama ɗaure wa waya, aka ce mota ta yi haɗari da dare kusa da Birnin Ƙonni a kan hanyar Tawa. Wani tsohon Bafaranshe mai yin fim, Jean Rouch, ya mutu yana da shekara 86. Cikin waɗanda suka tsira da rauni har da wani daraktan fim na Nijar mazaunin Tawa. Ƙonni ba baƙon wuri ba ne ga mutumin Mafara. In ka bi ta Sakkwato ka kai Illela, taku kaɗan ne, kuma masu fataucin shanu da albasa da atamfa kullum suna bisa wannan hanya. Abin da ya tsaya mini shi ne a ce akwai mai yin fim a Tawa. Na san sunayen jaruman Indiya kamar 'yan ɗakinmu, na san kaboyin Amurka, ga kaset ɗin Kano sun cika mini tebur, amma wanda ke bayan katangarmu ban taɓa jin ɗuriyarsa ba. Sai bayan fiye da shekara goma, shi ma ya riga ya rasu, ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar Sakkwato ya zo hutu ya buɗe kwamfutarsa a kan bencina ya ce, "Kawu, ga mutuminka, ka gan shi."

Sunansa Mustafa Alhassan, takardun Faransanci na rubuta shi Moustapha Alassane. An haife shi a 1942 a wani gari da ake kira N'Dougou, ya yi samartaka a Yamai. Sana'ar da ya fara koya kanikanci ce. Amma tun kafin ya riƙe sifana, yana yaro, yakan yanka siffofin mutane da dabbobi, ya sa fitila a baya, ya tara jama'a da dare ya yi musu wasan inuwa. Da yaron ya kawo nan a bayaninsa sai da na ajiye ƙarfen dalmar da ke hannuna. Mustafa kuma gwanin zane ne, ba tare da wani malami ya zaunar da shi ba, kuma zanen ne ya kai shi cibiyar binciken al'adu ta IFAN a Yamai, inda ya haɗu da Rouch.

Shi Rouch ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, daga baya ya watsar da awon titi ya ɗauki kyamara yana bin masu bori da masunta da mafarauta. Shi ne ya tarar da Umaru Ganda yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, bayan ya dawo daga yaƙin da Faransa ta kai shi a Indocin, ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Turawa in suna ba da labarin sinimar Nijar sukan ce Rouch ne ya gano wane, ya gano wane. Ban raina alherinsa ba, don ya buɗe ƙofa, ya ba da aron kyamara, ya rubuta wasiƙun da suka kai mutane inda ba za su kai kansu ba. Sai dai wanda ya sayar mini da ƙarfen dalma na farko ba shi ya koya mini jin ciwon rediyo da kunne ba. Mustafa ya zo wa Rouch da sinimarsa a kai, kayan aiki kawai ya rasa.

Sai an san yadda ƙofar ta kasance a garƙame za a gane abin da saurayin ya yi. A 1934 Faransa ta kafa wata doka, wadda ake laƙaba wa sunan ministanta Pierre Laval, cewa ba mai ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka a Afirka sai da izinin hukuma, bayan an tantance labarin da masu yinsa. A aikace baƙar fata ba ya samun wannan izini. Shi ya sa da Paulin Vieyra da abokansa suka tashi yin fim a 1955, a Paris suka yi shi, a bakin kogin Seine. Turawan Ingila, namu iyayen gijin, wata hanya suka bi. Sun kafa sashen fim na mulkin mallaka a 1939, suka baza motocin majigi cikin ƙauyuka suna koya mana tsafta da noma da biyayya. Motar da ta ja mini tsumagiya jikar waɗancan ce. Ta wannan ƙofa ta gwamnati Adamu Halilu ya shigo, ya daɗe yana fina-finan wayar da kai kafin a 1976 ya yi Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Nijar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960. Shekara biyu bayan haka Mustafa, yana ɗan shekara ashirin, ya fitar da Aouré. In ka cire rubutun Faransanci, kalmarmu ce: aure. Fim ne na kimanin rabin awa a kan saurayi da budurwa a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogin Kwara, wanda mutanen Nijar ke kira Isa, tun daga haɗuwarsu har zuwa ɗaurin aure da biki, kuma 'yan wasan ba ƙwararru ba ne. Littattafai da yawa suna fara tarihin fim ɗin Afirka ta Yamma da Borom Sarret na Usman Sembene, wanda ya fito a 1963. A lissafina na mai rumfa, 1962 ta riga 1963.

A wannan shekarar dai ya yi La Bague du roi Koda, wato zoben Sarki Koda. Azzalumin sarki ya ba wani masunci ajiyar zobe a kan cewa in ya ɓace a bakin ransa, sannan ya bi ta hannun matar masuncin ya sace zoben, aka jefa shi kogi. Ba sai na faɗi inda zoben ya ɓullo ba. Duk wanda ya kwana ɗakin kakarsa a ƙasar Hausa ya san labarin Ba-Sarki-Sai-Allah, ya san cikin kifi. Na yi mamakin ganin tatsuniyar da aka yi mana a tsakar gida a Mafara, wani ya riga ya sa ta a fim tun shekarar da aka haife ni.

Daga nan hanya ta kai shi Kanada. Wani daraktan ƙasar, Claude Jutra, ya zo Nijar ɗaukar fim a kan sabuwar jamhuriyar, kuma da taimakonsa da na Rouch Mustafa ya tafi hukumar fina-finai ta Kanada a Montreal, ya zauna kusa da Norman McLaren. Shi McLaren irin mutanen nan ne da ba su yarda sai da kayan aiki masu tsada ba, har yakan zana hoto kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba. Bakanike ya gamu da ɗan'uwansa. A can Mustafa ya koyi sa zane ya yi motsi, abin da yara ke kira katun yanzu. Ga yadda aikin yake. Fim na gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Minti ɗaya hoto 1,440 ke nan, minti biyar 7,200. Ko mai zane ya yi dabarar ɗaukar kowane zane sau biyu, ya kuma maimaita wasu, aiki ne na watanni, kowane zane ya ɗan gota na bayansa da abin da bai fi ƙwayar gero ba. In ƙafar kwaɗo ta gota fiye da kima, a allo sai a ga ta yi tsalle. Na san wannan irin haƙuri, don na taɓa yin kwana uku ina bin waya ɗaya cikin talabijin. Wanda ba ya iya zama da abu har ya faɗa masa ciwonsa ba zai yi wannan sana'a ba.

Kwaɗi ya zaɓa. La Mort de Gandji na 1965, wanda ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966, a fadar sarkin kwaɗi yake. Sai Bon voyage, Sim na 1966, ɗan fim na minti biyar: Sim, shugaban jamhuriyar kwaɗi, an gayyace shi ziyarar aiki wata ƙasa. Ga jirgin sama, ga tarba, ga sojoji na fareti, ga manya na kumbura wuya. Komai daidai yadda labaran majigi ke nuna shugabanni, sai dai kowa kwaɗo ne. A tuna wace shekara ce. A Janairunta aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, soja suka karɓi Bolta ta Sama, a Fabrairu aka hamɓarar da Nkrumah yana kan hanyar ziyara a Asiya. A Nijar kuwa jam'iyya ɗaya ce tal ƙarƙashin Diori Hamani. A irin wannan lokaci ɗan shekara ashirin da huɗu ya zana shugaban ƙasa da ƙafafun kwaɗo.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Ƙasar Musa Ɗanƙwairo ce, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya tashi a hidimar fadar Sarkin Kayan Maradun, kuma ƙasar Sa'idu Faru ce. Mun san makaɗin fada in ya gama wasa ubangidansa yakan juya ya yi wa magabcinsa zambo, ya kamanta shi da wata dabba, kowa a wurin ya gane wanda ake nufi, ba kuma wanda zai iya kai ƙara. Zambo Mustafa ya yi, da alƙalami a maimakon kotso. Bambancin kawai shi ne makaɗi yana da ubangidan da zai kare shi ya kuma ba shi doki, shi kuwa wannan masu mulkin duka ya haɗa ya zuba a kududdufi ɗaya.

Wanda ya fi zama mini a rai shi ne Le Retour d'un aventurier, shi ma na 1966, mai tsawon rabin awa da 'yan mintoci. Wani saurayi, Jimi, ya dawo daga Amurka da akwati. Ya tara abokansa ya raba musu tsaraba: malafar kaboyi, takalma masu dogon wuya, ɗamara, bindiga. Nan take kowa ya yar da sunan da aka raɗa masa. Wannan ya zama Black Cooper, wancan Casse-Tout, wato fasa-kowa, budurwar cikinsu ta zama Sarauniya Christine. Suka samo dawaki, suka koyi tafiyar gadara da shan giya da caca, suka mai da ƙauyensu filin wasan kaboyi. Suna tare hanya, suna wulaƙanta dattawa, har wasa ya kai ga jini, suka koma kan junansu. Jingare Maiga, wanda daga baya ya zama darakta, yana cikin 'yan wasan.

Kallon farko dariya na yi har da hawaye, don na san waɗannan samari. A shekarun 1970 duk wanda ya je Gusau ko Sakkwato ya shiga sinima sau biyu, yakan dawo Mafara da sabuwar tafiya da sabon suna. Muna da Jango a unguwarmu, yana ɗaura ƙyalle a wuya cikin zafin bazara, yana magana ta gefen baki. Kallo na biyu na yi shi a shekarar da shiga wasu ƙauyukan Maradun ya zama sai da addu'a, kuma ban yi dariya ba. Ba ina cewa fim ne ya haifi 'yan bindigar dajinmu ba. Wannan masifa tana da iyayenta: rigimar gona da burtali, satar shanu, zinariya, zalunci da rashin mai raba gardama. Amma hoton samari da makamin da aka ƙera a wata ƙasa, sun canza suna, suna hawa kan mutanen da suka yi musu goyo, tsoho ya yi magana an tura shi gefe, wannan hoton wani ya riga ya ɗauke shi shekara hamsin kafin mu gan shi da idonmu. Dawaki ne kawai suka koma babura.

Zalika Sule ce ta fito a Sarauniya Christine, tana budurwa. Ta zama tauraruwar fina-finan Nijar, kuma ta biya kuɗin hakan, don mutane sun kasa raba ta da matan banzan da take fitowa a matsayinsu, aka riƙa jifanta da sunan da ba nata ba. Daga baya sana'ar ta mutu a hannunta har ta je aikatau ƙasar waje. Rahmatu Keita ta yi fim a kan rayuwarta. Ta rasu a 2021. 'Yan matan fim na Kano da ke kukan ba a ganinsu da mutunci, ga yayarsu nan.

Shekarar 1972 ita ce ganiyar sinimar Nijar. A bikin FESPACO na Wagadugu, wanda aka fara a 1969, Umaru Ganda ya zama mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar bikin da Le Wazzou polygame, Mustafa kuma ya zo da dogon fim ɗinsa, F.V.V.A. Haruffan na nufin mace, gida, mota, kuɗi. Labarin wani ƙaramin ma'aikaci ne da burin waɗannan huɗu ya kai shi ga taɓa kuɗin ofis, ya ƙare a gidan kaso. Ba zan daɗe a kansa ba, kowa ya san mutum ɗaya ko biyu da suka yi wannan fim da kansu ba tare da kyamara ba.

Toula na 1973 shi ne ya taɓa mini wani tsohon miki. Ya yi shi tare da wata Bajamusa, Anna Soehring, daga labarin da Bubu Hama ya rubuta, a daidai lokacin da fari ke kashe dabbobi daga Senegal har Chadi, farin da ya taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Diori a Afrilun 1974. A cikin labarin ƙasa ta bushe, boka ya ce aljanin ruwa na son budurwa, sarki ya ba da ɗiyar 'yar'uwarsa, Tula. Saurayinta ya bazama neman ruwa don ya cece ta, bai dawo a kan lokaci ba. Ruwa ya zo, Tula ta tafi.

A 1974 aka fara aikin madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, nan tsakaninmu da Maradun, aka gama a 1978. An ce za a kawo ruwa, kuma an kawo, har yau ana cin shinkafarsa. Amma ruwan ya ci gonaki da ƙauyuka, dubban mutane suka tashi, rigimar diyya ta yi ta ja har Afrilun 1980, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta. Gwamnati ta faɗi nata adadin mamatan, ƙauyuka suka ƙirga nasu, lissafin biyu ko kusa da juna ba su yi ba. Ina da shekara goma sha takwas a lokacin, na iya warware rikoda in mayar ido rufe, amma a duk saninmu babu mai kyamara. Abin da ya rage na wannan rana yana bakin tsofaffi, su kuma kullum raguwa suke yi. Da na ga Tula na nutsewa, tunanin da ya zo mini ke nan, har yaron ya tambaye ni ko ya tsayar da fim ɗin.

Mustafa ya shugabanci sashen sinima na jami'ar Yamai shekara goma sha biyar. Wani da nan zai tsaya, ya yi tumbi, ya jira fansho. Shi sai ya tattara ya koma Tawa, babban garin Adar, nesa da ma'aikatu da ofisoshin jakadanci inda ake rabon tallafi. Ya riƙe masaukin baƙi, ya mai da wani sashensa ɗakin aiki, cike da 'yan tsana da ya ƙera da hannunsa da na'urorin da ya gyara ko ya haɗa. Yakan ɗora injin majigi a mota ya bi garuruwa yana nuna fim. Ba wai bai taɓa karɓar kuɗin Turawa ba, ya karɓa, don wankin fim kansa sai an kai Turai. Amma in aka ce darakta mai cin gashin kansa, ni wannan nake ganewa: wanda in kuɗin ya yanke ba ya rufe shago, sai ya rage girman aikin ya ci gaba. Tun 1969 ya ɗauki mai tatsuniyar nan na ƙasar Tawa, Albarka Cibau, ya gina fim ɗin Deela a kan bakinsa. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana. Ya yi wani da ya kira Kokoa, kokawa ke nan, inda dabbobi ke shiga fili suna kama juna, ga 'yan kallo ga alƙali, kuma ya dace da garin, don a Tawa aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975, wadda ake ba gwarzonta takobi. Da kwamfuta ta zo, yana dattijo, ya zauna ya koye ta.

To me ya hana mu ganinsa? Amsar ta 'yan kasuwa ce. A lokacin gidajen sinima na ƙasashen renon Faransa suna hannun kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, waɗanda suka fi samun riba da tsofaffin fina-finan Amurka da Indiya da suka riga suka mai da kuɗinsu a wani wuri. A namu ɓangaren ma dillalai sun san abin da ke cika musu kujeru. Fim ɗin Mustafa 'yan kwafi kaɗan ne a cikin gwangwani, kuma hanyarsu daga Yamai zuwa Paris take, ba ta biyo Illela. Goro da gishiri da man fetur duk sun san yadda ake tsallaka wannan iyaka, gwangwanin fim bai taɓa koyo ba. Wannan ƙulli samarin Kano ne suka kwance shi a 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset. Hoton bai kai na Mustafa kyau ba, amma kaset na shiga aljihu, yana hawa motar kasuwa, yana kwana a ɗakin matan aure. Na ci abinci da wannan juyi, don kan bidiyo nawa na wanke da auduga, Allah kaɗai ya sani. Su sun sami kasuwar da shi bai taɓa samu ba. Ina dai jin da sun san shi, da wataƙila ba su jingina da Indiya har haka ba.

Ya tsira daga haɗarin Ƙonni, ya ƙara shekara goma sha ɗaya. A 2007 Faransa ta ba shi lambar girmamawa a bikin fina-finai na Cannes. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, a 2017 kuma babban gidan adana fasahar zamani na New York ya yi kwanaki yana nuna ayyukansa. Sau nawa na yi niyyar shiga motar Illela, da na san yana can.

Na sa yaron ya tura mini fim ɗin Sim a waya, na kai wa Inna da daddare. Ta tsufa ƙwarai, sai ta kawo abu dab da hanci take gani. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta yi shiru har aka fara fareti.

"Wanga kwaɗo na?"

Na ce kwaɗo ne, Inna, shugaban ƙasarsu ne. Na ba ta labarin mai zanen, na ce bakanike ne, mutumin Tawa, kuma da fitila da kwali ya fara, kamar wani da ta sani. Ta miƙo mini wayar, ta gyara lulluɓinta.

"Shi ma zanen uwatai yaƙ ƙona?"